Ilu Ya Dawo Daga Bakin Teku

Zuwa ga Yaya Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, da Yaya Hajara da yara? Ya zaman Kumasi?

Ƙanenmu Ilu ya dawo Kontagora hannu Rabbana. Guguwa ta turo teku cikin ƙauyensu na masunta, can inda kogin Kwara ke zubewa, ta tafi da kwalekwalensa da rumfar bandarsa. Rijiyoyinsu sun koma zartsi. Matarsa ta tsira, amma ba a ga ɗansu Musa ba.

Na ce ya dangana, ya kama noma a garin Auna. Ya ce, "Yaya, wane noma? Nan ma fari ya ƙone dawa."

Inna ba ta sani ba tukuna, kullum sai ta tambayi jikanta. Ban san me zan ce mata ba.

Ka sa mu a addu'a. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Rabi