Rabin Hoto

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san ka yi rantsuwa ba ni ba kai, amma daure ka karanta.

Yau a ofis aka sa ni sauke hoton gwamna, na rataye na sabo. Na biyar ke nan da hannuna, ƙusar kuwa ɗaya ce. Ka ga jarida? Dogo na jam'iyyar Fitila, wanda ka mare ni a kansa, da Mai Tabarau na jam'iyyar Guga, wanda na bi, sun haɗe a jam'iyya ɗaya, har da runguma. Mu kuwa shekara goma sha biyu ko gaisuwa babu.

Inna jiki ya yi tsanani. Da an taɓa ƙofa sai ta ce, "Babba ne?" Ka zo.

Ƙaninka.

*

Zuwa ga Masinja,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Kada ka yi mini wa'azi. Da naku suka hau, ni aka fara kora daga aiki, kana tsaye a bakin ƙofa da fayil a hammata, ko tari ba ka yi ba. Su Dogo ba cikinsu ɗaya ba, shi ya sa shirinsu bai yi wuya ba. Naka shi ke ba da kai.

Ka gaida Inna. Zan zo bayan rantsar da kwamishinoni, an ce ana duba sunana.

Wassalam.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, kwana biyu kafin rantsarwar. Na saurari rediyo, ban ji sunanka ba.

Gaskiyarka, ranar da aka kore ka tsoro na ji, na yi shiru. Abin yana cina har yau. Ka yafe mini.

A ƙarƙashin matashinta na tsinci hotonmu na yarinta, wanda ka yaga ka tafi da rabinka. Saura ni kaɗai, da hannunka a kafaɗata. Ni da aikina ke nan, na rasa yadda ake rataye rabin hoto.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninka.

*

Auta,

Ga rabina a cikin ambulan, ban taɓa yar da shi ba. Kada ka liƙa sai na zo. Hannuna ne a jiki.

Yayanka.