Baƙuwar Inna

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau ma na makara. Sai da aka watse daga taron safe na shiga makaranta, shugaba tana tsaye bakin ofis tana kallona. Ba ta ce komai ba. Gara ma a ce ta yi faɗa.

Tun kafin azumi muka ɗauko Inna daga Faru zuwa nan Mafara, da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya ce hankalinta lafiya lau, sunayen abubuwa ne suka ɓace mata. Tana ganin abu, ta san shi, sunan ne ba ya zuwa, sai ta zagaya. Da safe ta ce in miƙo mata "mai dogon baki". Na kawo cokali, na kawo ludayi, duk ta ture. Ashe buta take so. A nan lokacin ya tafi.

Laraba, 7 ga Mayu

Darasin adon harshe da 'yan aji biyar. Kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa. Misalan da nake rubutawa a allo tun ina sabuwar malama: fari kamar auduga, wane zaki ne. Zainab ta bayan aji ta ɗaga hannu: "Malama, don mi ba a cewa jarumi kawai a huta?" Na ce don ana tambaya a jarrabawa. Amsar banza. Ba ni da ƙarfin neman wata.

Alhamis, 8 ga Mayu

An ɗauke wuta tun hantsi, ga zafi. Inna ta nuna fanka ta ce, "Mai cewa a'a ta yi hushi." Saboda yadda take juya kai dama da hagu. Na yi dariya har na zauna. Da a takardar gwaji ne, cikakken maki ke nan a mutuntarwa.

Sannan wankin zannuwa. Kullum wankin zannuwa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Hannun da ya shanye, "baƙuwa" take ce masa. In zan juya ta sai ta ce, "Gyara ma baƙuwa wuri." Ba ta cewa kamar baƙuwa. Baƙuwa ce kawai. Hannun da ta yi mana daka da shi, ta yi mana kitso da shi.

Bayana ciwo yake yi. Maigidana Malam Mukhtar ya ce in nemi hutu a wurin aiki. Da shekarar karatu ta kusa ƙarewa, wa zai ba ni?

Talata, 13 ga Mayu

Ban so rubuta wannan ba.

Tukunya a kan wuta, takardun gwaji a kan tabarma, Inna tana ta maimaita "ɗiyan da ka bin juna, ɗiyan da ka bin juna". Na kawo wake. Na kawo ashana. Na kira yara daga waje. Can sai na ji muryata ta tashi: "Inna, don Allah ki faɗi sunan abin!" Ta juya fuska bango. Sai ga kiran sallar la'asar. Carbi. Carbinta take nema.

Ina juyowa na ga ƙanena Sufyanu a bakin ƙofa. Ya kawo shinkafa kasuwa daga Bakura, ya biyo gaisuwa. Ya ji komai. Muka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba a yi ba. Da zai tafi ya ce, "Yaya Taiba, kin yi naki. Bari mu riƙe ta, Zakiyya tana gida wuni zubur."

Na ce to. Ko jan rai ban yi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sun tafi da ita. Na tsaya jikin mota ina koya wa Zakiyya, matar Sufyanu, a gaggauce: buta, fanka, carbi, "mai hayaƙi" kunu ne. Tana cewa to, to. Inna ba ta dube ni ba.

Na yi barci daga azahar har la'asar ta kusa wucewa.

Litinin, 19 ga Mayu

Na riga kowa zuwa makaranta. Shugaba har da murmushi.

Laraba, 21 ga Mayu

Zakiyya ta bugo waya. "Yaya, mi a ƙasa mai daɗi?" Na ce sukari, ki ƙara mata a kunu amma kaɗan. Ban ko tsaya tunani ba. Na ji wani daɗi da bai kamata ba.

A aji na ba su "mai cewa a'a" na ce su gano. Nan take suka gano, ajin ya kaure da shewa, har masu barci suka tashi. Ban faɗi inda na samo ba. Da na fito sai na ji kamar na kai ciwon Inna kasuwa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba waya. Ni na kira. Zakiyya ta ce Inna ta samu sauƙi, surutun nan duk ya ragu. Ban san ko sauƙi ne wannan ba.

Ɗakin ya daina warin magani. Ina wucewa ina leƙawa, ban san me nake dubawa ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Sufyanu ya kira ina ɗakin malamai. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce kada hankalina ya tashi, amma suna zaton iska ta taɓa Inna. Kwana da kwanaki ba ta cewa komai sai "baƙuwa na kuka, baƙuwa ta hana ni kwana", alhali ba kowa a ɗakin. Har sun kawo malami ya yi mata karatu, an yi turare.

Na miƙe tsaye. "Sufyanu, ku duba hannunta! Hannun dama!"

Ranar da suka tafi da ita na faɗa musu buta, na faɗa musu fanka. Wannan ne ban faɗa ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Bakura. Kafaɗar ta kumbura sosai. Ta wannan hannun suke kama ta in za su tayar da ita, ba su sani ba. Zakiyya ta zauna tana kuka, tana cewa ta cuci Inna. Na ce ba ta cuci kowa ba. Yarinyar nan ta rame, ga goyo, ga dakan gida.

Na durƙusa na gaishe da Inna. Ta daɗe tana kallona. Na sa hannu a hankali na tallafo hannun, na ɗora a kan matashi, na ce, "Sannu, baƙuwa." Sai maganar ta ɓalle. Tururuwa sun yi gari a ƙafarta. Mai hayaƙin nan gidan ba shi da ƙashi, wato ya yi ruwa. Mai cewa a'a ta nan ba ta cewa komai, don ta sama ce, juyawa kawai take yi. Ta yi ta faɗi ina amsawa, Sufyanu yana tsaye yana kallonmu kamar muna wani yare.

Na ce masa zan koma da ita, asibiti ya fi kusa da mu, kuma likitan ya san ta. Ya ce, "Yaya, ke da kinka gaji?" Na ce ai na huta.

Litinin, 2 ga Yuni

An ɗaure kafaɗar, likita ya ce kumburin zai saɓe. Na makara. Shugaba tana bakin ofis, wannan karon ta yi magana, na ba ta haƙuri. Bayana ya dawo da ciwonsa. Zannuwa a igiya, wasu a baho, Sallah saura kwanaki ban ko je wurin tela ba.

Malam Mukhtar ya ce wai ɗazu ya ji ina 'yar waƙa ina wanki. Ban tuna ba. Wataƙila rediyon maƙwabta ne.