Ƴar Tanda, Na Suɗe Kwano a Tsakiyar Teku

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Ƴar Tanda.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne mijinki Alhaji Mamman, wanda kika bari a Gaya yau shekara uku. Kin san ban zauna lakwal na yi boko ba, don haka ƴarmu Balkisa ke riƙe da alƙalami, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Ta ce za ta sa wasiƙar a waya mutane su karanta. Na ce su karanta, ba sata na yi ba.

Labari na kawo miki: na hau bato. Ba irin kwalekwalen da ke ƙetarawa Malanbil ba, babban jirgin teku. Shekara talatin da wani abu ina jan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, ina hangen jirage daga layin jiran lodi, ban taɓa sa ƙafa a ɗaya ba. Sai da na zo Marsai, a ƙasar Turawa, wajen Balkisa aka yi mini aikin ido, mijinta ya ce tunda ido ya buɗe, a kai ni in ga ruwa. Kwana bakwai.

Gari ne guda ke tafiya bisa ruwa, Ƴar Tanda. Mutanen cikinsa ba fatauci za su ba, ba kuma ziyara ba. Jirgin zai zagaya ya maido su inda ya ɗauke su. Na tambaya mene ne ribar, aka ce hutu. Har yau ina juya maganar.

Wurin cin abinci biyu ne. A na sama an jera komai, kowa ya ɗiba da kansa. Na ga mutum ya tula shinkafa da kifi da kayan zaƙi a asiti ɗaya, babu mai ce masa sannu, shi ma babu wanda zai ce wa an gode. Abinci ba mai shi. Na ce a kai ni na ƙasa, inda ake zaunar da mutum a kawo masa.

Can na haɗu da Rahmat, mai hidimar teburinmu, ɗan Indunusiya. Da ya ga tasbaha a hannuna sai ya yi mini sallama. Ba ma jin yaren juna, amma in ya kawo takardar abinci sai ya ɗora yatsa kan abin da ke da alade ko giya, ya girgiza kai. Kwana na biyu ya gane ruwan ɗumi nake sha, ban ƙara tambaya ba. Ya gaya wa Balkisa wata takwas ke nan bai ga matarsa da ƴaƴansa biyu ba.

Na tambayi Balkisa nawa ake ba shi na goro. Ta ce an riga an cire, kullum ana cira daga kart ɗin banki a raba wa ma'aikata duka, purbuwar suke ce masa. Na ce kyautar da hannu bai miƙa ba, ido bai gani ba, ai wannan lanho ne, haraji irin na duwan a bakin iyaka. Sai na ce bari in yi masa irin tamu.

Kin san yadda aka tashe mu. Babba ba ya cinye kwano, yakan bar wuri mafi kyau ga wanda ya yi masa hidima. To haka na yi. Aka kawo naman rago, na ci dankali da miya, na tura tsokar gefe ban taɓa ba. Washegari kifi, na bar masa tsakiyar. Balkisa ta ce, “Baba, nan ba a yin haka.” Na ce mata ko a cikin teku mutum mutum ne, ta ci abincinta. Kin san kaina.

Ina ganin Rahmat yana ɗaukar asitin yana duba fuskata, na ɗauka kunya ce. Shugabansu, wani dogo mai baƙar kwat, ya zo har sau biyu yana tambaya ko abinci ya yi. Na ce ya yi, madalla. Ya dubi naman, ya dube ni, ya tafi.

Rana ta biyar na zauna, sai ga wani daban ya kawo ruwa, mai sanyi ma. Na ce ina mutumina? Balkisa ta bincika ta dawo fuska ba daɗi. An mayar da Rahmat sama yana kwashe kwanuka. Wai kwana huɗu tsoho yana maido nama, kuma mai hidimarsa ya kasa gano abin da yake so. Ashe a wurinsu kwanon da ya dawo da abinci ƙara ce. Kuma a ƙarshen tafiya akwai takardar da baƙi ke ba da maki, da ita ake duba wa za a sake ɗauka aiki.

Na ture asitin na ce ba na cin komai sai an kira mai baƙar kwat. Balkisa ta ce mutane na kallo. Na ce su ƙara kallo. Da ya zo, na ce ta fassara masa ba ragi: laifin nawa ne, naman kyauta ce na bar wa yaronsa. Ya ce an hana ma'aikata cin ragowar baƙi, duk abin da ya dawo inji ke niƙe shi. Tsokar rago, Ƴar Tanda. Wannan ta fi komai yi mini ciwo.

Aka maido Rahmat. Ya ajiye mini kaza, ya ce wa Balkisa, “Gaya wa Alhaji, in yana ƙaunata ya cinye.”

Da shekaru saba'in da shida, a gaban Turawa da ƴata da surukina, na cinye kaza har ƙashi, na bi miyar da burodi sai da asitin ya yi fes. Kunya kamar in shige ƙasa. Shi kuwa ya ɗaga asitin ya wuce da shi ta gaban shugabansa a hankali, kamar mai rakiyar amarya. Ranar sauka na sa Balkisa ta ba Rahmat makin da babu na sama da shi, na sa ta karanta mini sau biyu. Na kuma danƙa masa abin goro a tafin hannu, na riƙe hannun sai da ya dube ni.

Tun daga nan wata tambaya ta hana ni sukuni, ita ce dalilin wasiƙar nan. Shekara arba'in da ɗaya, duk ranar da kika dafa kifin kogi nakan bar miki kan, don a wajena babu abin da ya kai shi. Ban taɓa tambayarki ba.

Yanzu da na faɗi haka, Balkisa ta ajiye alƙalami tana dariya har da hawaye. Wai ba kya cin kan kifi, ko warinsa ba kya so. Wai a bayan zana kike raba wa yara, ki ce su yi sauri su maido kwanon ba komai kafin in fito, don in ji daɗi. Na ce ta rubuta wannan ma.

Me ya hana ki faɗa mini, Hajiyata? Ko kin faɗa, ni ne ban ji ba?

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke abin da ranki ke so, ba abin da wani ya zaɓa miki ba. Allah Ya maida Rahmat ga iyalinsa lafiya. In Ya haɗa mu a Aljanna, zan fara tambayarki kafin in tura miki kwano.

Naki har gobe,
Mamman, tsohon direban Gaya.