Wa Ya Mayar Da Ƙarin Buhu Cikin Dokarmu?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsarin Aikin Majalisa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da aiki lafiya.

Sunana Alhaji Sale Mai Barkono, daga Furana. A aji uku na bar sakandare na shiga dako a kasuwar Hunkuyi. Yau ina da gonaki da mota, ba wanda ya ba ni. Ban iya roƙo ba, ƙara na kawo.

Na ɗaya. Masu sayen barkono suna ɗinka wa buhu ƙari a baki, su cika buhu da rabi, su kira shi buhu ɗaya. Bayana ya san nauyinsa. Wakilinmu ya kawo ƙudurin doka cewa awo sai da sikeli. Ranar jin ra'ayin jama'a ni na saɓo buhun har cikin zaurenku, kuka taso kuna taɓawa, kuka tafa mini.

Na biyu. Na dawo na bi Ikara, Makarfi da Kudan ina ce wa manoma kada kowa ya sayar, doka na tafe. Malam Iro na Nasarawan Doya, dattijo mai 'ya'ya tara, ya kulle barkononsa a ɗaki saboda maganata.

Na uku. Ranar da kwamiti ya zauna, wakilinmu yana gida wajen jana'izar mahaifiyarsa. Wani ɗan kwamitin ya miƙe ya kawo gyara, ya ƙara a ƙudurin cewa ko kuma a bi al'adar kasuwa. Ba takarda, ba sanarwa, aka ce masu goyon baya su ce e, aka buga guduma. To ranka ya daɗe, mece ce al'adar kasuwa in ba wannan buhun ba? Na kira wayoyi har cajina ya ƙare, ba wanda ya iya faɗa mini sunan mai gyaran. Wakilin namu ma a bakina ya ji!

Yanzu ina shiga Hunkuyi dillalai ke tambayata ina sikeli, suna dariya. Dariyar ba ta hana ni barci ba. Malam Iro ne ya hana ni, da ya daina tambayata komai, sai dai ya gaishe ni ya wuce.

Buƙatata ita ce a gyara tsarinku. Duk gyara a ƙudurin ɗan majalisa ya zo a rubuce da sunan mai shi, a ba da kwanaki kafin zama, kuma kada a taɓa ƙudurin mutum ba ya wurin. Ƙudurin namu kuwa a mayar da shi kwamiti kafin karatu na uku.

Buhun yana nan, ban kwance shi ba. In mai gyaran ya yarda da al'adar, zan kawo masa ƙofar majalisa ya ɗaga shi da kansa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Alhaji Sale Mai Barkono, Furana.