Ruwan Yayyafi

Talata da dare, Runjin Sambo.

Leɓena ya kumbura, ko shayi na kasa sha. Bello mai shagon hatsi na jikin nawa ne ya fasa min shi.

Da safe na yayyafa ruwa a ƙofar shagona kamar kullum don ƙura ta kwanta, ya ɗan fantsama zuwa tasa. Sai ji na yi an shaƙo min wuyan riga. "Kai baƙo, mi kaka zuba mani? Asiri kaka yi! Tun da kaz zo ciniki ya ƙi ni!" Kafin in buɗe baki ya kai min naushi. 'Yan kabu-kabu suka taru, wani har ya ɗauki dutse. Na san idan maganar asiri ta zauna, ba shago kaɗai zan rasa ba. Garinmu Gombe ya yi nisa, ba ni da kowa a nan.

Na ɗaga bokitin ruwan yayyafin na kwankwaɗa, jinina na ɗiga ciki. Na ce, "Malam Bello, in na wayi gari attajiri, ka kashe ni. In kuwa gudawa ta kama ni, kai za ka sayi magani." Aka fashe da dariya, mai dutsen ya yar.

Bello bai yi dariya ba. Tsakani da Allah kasuwarsa ta mutu, kuma ni na karya farashin gero. Duk da haka ban yafe naushin ba.

Ruwan wanke mudu ne na sha. Ga cikina ya fara ƙugi, da asuba zan buga masa ƙofa.