Ranar da Na'ura Ta Koyi Tashi da Kanta

Laraba da dare, Batsari

Tarihi ya shaida, yau na ƙasƙantar da masu ɗauke wuta. Tun bara, duk sanda wuta ta tafi ta dawo, saba, wato babbar na'urar cibiyar kwamfutarmu ta Safana, takan kwanta tamkar basarake, sai na hau babur na je na danna mata maɓalli. Da hantsi na shiga baƙin allon nan marar hoto, na rubuta mata umarni layi guda: in wuta ta dawo, ki tashi da kanki. Na gwada, ta tashi. Na gyara zaman hulata, ko da yake ba mai kallo.

Bayan isha'i Inna ta kira daga Zakka, garin da nake biyawa a hanyata ta Safana.

"Auta, yau ba su ɗauke wutar ba ne? Tun azahar na dama maka fura."

"Sun ɗauke, Inna. Injin ne ya yi hankali."

"To, madalla. Shi kam ya yi."

Ashe ba na biyawa gaishe ta sai na'ura ta kwanta. Soke umarnin ba wuya, amma ba zan soke ba. Gobe zan je Zakka, da wuta ko babu.