Sun Katange Daɓen Shinkafa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai nake faɗa wa magana ba tare da na tauna ta ba.

Inna, sun katange tsohon injin shinkafa na bakin gulbi.

Kin tuna yadda masu shi suka rufe shi tun ina firamare, suka kwashe abin da zai kwasu, suka bar wa Jega ruɓaɓɓen kwano da macizai. Ba wanda ya waiwaye shi. Ke da aminiyarki Gwaggo Hajo da sauran mata kuka sare ciyawa, kuka cike ramuka da hannunku, kuka mai da daɓen simintin nan wurin shanya. Can kika turara shinkafa, can kika shanya ta, da ita kika yi mana karatu ni da ƙanena Bello. Masu albasa daga Aliero suna sauke buhuna a inuwar sito, masunta suna ɗaure jiragensu a mashaya.

Yanzu an kafa ƙaton allo bakin titi mai zanen benaye, shaguna, otal da wata hanya mai fitilu, wai ta shan iska a bakin ruwa. Na tsaya na ƙare wa zanen kallo. Akwai mutane a ciki, ko ɗaya bai yi kama da mu ba.

Ba gyara nake ƙi ba, ni ma ina son garinmu ya yi kyau. Amma an yi ta taro ana shan lemo ana tafi, ba a kira mace ko guda daga cikin waɗanda suka raya wurin ba. Sai kawai katafila ta iso da hantsi, shinkafa na shanye a jiƙe. Gwaggo Hajo ta roƙa a bar ta ta sha rana zuwa la'asar. Aka ƙi. Aka kwashe ta da shebur, har da yashi, aka tara bakin kwalta. Kuma ba tata ba ce, ta mutanen Kimba ce da suka ba ta aiki.

Kin san wa ya tsaya a gaba, da hular kwano a kansa, yana ba da umarni? Bello. Kamfanin da zai yi ginin ya ɗauke shi don shi ɗan gari ne, matan za su ji kunyarsa. Ya ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ci gaba ne ya zo." Ta dube shi ta ce, "Bello, wurin ga na goye ka, uwarka tana motsa shinkafa." Bai ɗaga kai ba, bai kuma tsai da katafila ba.

Na same shi har gida. Wai za a ba matan shaguna in an gama ginin. Na ce a bene ake shanya? Ya ce yana da iyali, aiki kuma wuyar samu gare shi. Matarsa ta kawo min ruwa, na taso ban sha ba.

Yau Gwaggo Hajo a gefen hanyar Maiyama take shanya, tsohuwa da ciwon gwiwa, tana korar awaki, tireloli na wucewa ta gabanta. Mashaya ma an toshe, sai an yi zagaye mai nisa kafin a kai ga ruwa.

Mun haɗu mu mata, gobe za mu gaban hakimi. Abu biyu muke nema: a yanke mana gefe ɗaya na daɓen, a buɗe hanyar gulbi. Ni suka ce in yi magana. An ce Bello ne zai zauna a madadin kamfani.

Innata, kin sha ce min, "Kome ya yi miki ƙanenki ne, ki zuba mishi tuwo." Jiya na tuƙa, na aika mishi, don ke. Amma gobe ba zan sassauta murya ba, ki yafe min.

Allah ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna kan kowace rana da ta dake ki dominmu. Ya shirya Bello, ya sanyaya min zuciya, ya ba matan nan haƙƙinsu.

Taki har abada,
Ɗiyarki Saratu